A Dubu Huɗu Kunnena Ya Tsaya

Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku duka, na masu addu'a da na masu tsiya. Wata ma ta rubuto tana tambaya ko an ɗaura ne ango ya ƙwace waya. Ba a ɗaura komai ba, 'yar uwa. Gajiya ce ta ɓoye ni. Irin wadda za ki dawo gida ki zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, ki yi ta kallonsa kina jiran ya cire kansa.

Wanda yau ya fara leƙowa, bari in gajarta masa. Ni ce auta a gidanmu. Mu biyu Mama ta haifa, ni da Yaya, wadda ta yi aure a bayan layinmu amma kullum tana gidanmu kamar ba a kai ta ba. Baba ya rasu ina sakandare, da keken ɗinki Mama ta ƙarasa rainonmu. Ina aiki a wani kamfanin kai kaya gida-gida, sashen amsa waya. Tun safe abin sauraro yana maƙale a kaina, wannan ya faɗi adireshi, wancan ya zage ni a kan kwalin da ban taɓa gani ba.

Sai kuma shi, wanda zai aure ni. Shagon gilashin ido gare shi, yana gwada idon mutum ya yanka masa tabarau. Yaya ta laƙaba masa A-Hankali, don komai nasa haka yake: tafiya a hankali, tuƙi a hankali, magana kuwa sai ki rantse asiri yake gaya wa aljihun rigarsa. Mama ta mutu a kan wannan muryar. "Irin wannan ko faɗa kuke yi maƙwabta ba za su ji ba," in ji ta. Ƙarshen watan nan iyayensa za su zo a tsayar da magana.

Ni kuwa muryar nan ita ce wahalata, ban dai taɓa gaya wa kowa ba. Zai turo min saƙon murya mai tsawo, in manna wayar a kunne, in maimaita, in sake maimaitawa, ƙarshe in tura masa hoton zuciya kawai in ce Allah ya sa ba rasuwa ya sanar min ba.

Rannan muna zaune a falo, wani abokin aikina ya kira ni a kan musayar ranar hutu, har na yi dariya a wayar. Ina ajiyewa A-Hankali ya sunkuyar da kai ya ce wani abu. Na miƙe na nufi kicin.

"Ina za ki?"

"Ba kifi ka tambaya ba? Akwai saura a firji."

Ya daɗe yana kallona. "Cewa na yi ina kishi."

Yaya da ke cikin ɗaki sai da ta ƙware don dariya. Shi ma ya yi murmushi, amma daga baya ya rubuto min: *Wani lokaci ina ji kamar jikinki ne kawai a wurina.* Na karanta na kife wayar. Me zan ce? A gida ma haka ne. Mama ta ce na iya share mutane. Yaya ta ce girman kai ne tun da na fara ɗaukar albashi. A wurin aiki shugabar sashenmu ta kira ni ofis, ta kunna min wani kira: mata ta ce gida mai lamba saba'in, ni na rubuta casa'in. Direba ya yini yana zagaye da firjin mutane a bayan mota.

"Hankalinki ba ya wurin," in ji shugabar. "Aure ne?"

Na ce a yi haƙuri. Na ɗauka waya ce kawai na tsana. Shi ya sa na shiga ajin koyon rubuta manhajar kwamfuta na ranar Asabar, don a hawa na sama na kamfaninmu akwai masu zama gaban kwamfuta, ba mai kiransu, ba mai zaginsu. Burina kenan a duniya: teburin da babu waya a kai.

Ajin yana saman wani shagon tayil. Matakalar ƙarfe, fanka mai rawar kai, tsofaffin kwamfutoci da haruffansu suka goge don dannawa. Malamarmu gajeriya ce, da agogon maza a hannu, murya kamar tana kiran wani a tsallaken titi. Duk 'yan ajin suna ƙorafin ƙararta. Ni ita kaɗai ce mutumin da nake saurara ba tare da ciwon kai ba.

Makonnin farko lissafi muka yi ta sa kwamfuta, ni dai ina hamma. Sai Asabar ɗin makon jiya Malama ta shigo ta ce yau kiɗa za mu yi.

"Sauti ba komai ba ne illa girgizar iska," ta ce. "Za ku gaya wa lasifika sau nawa za ta girgiza a daƙiƙa ɗaya. Ƙaramar lamba, murya mai kauri. Babbar lamba, murya siririya. Shi ke nan sirrin. Na riga na shirya muku umarni, na sa masa suna buga. Ku ba shi lamba biyu: ta farko sautin, ta biyu tsawonsa."

Ta rubuta a allo, na kwafa da yatsa biyu:

buga(262, 500)

Na danna. Jan rubutu ya cika min fuska. Ashe waƙafin da ke tsakanin lambobin na manta. Na saka shi, na sake dannawa, sai kwamfutar ta ce *tuuu*, rabin daƙiƙa, ta yi shiru.

'Yan uwa, kar ku yi min dariya. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ni da ban taɓa riƙe abin kiɗa ba, ni da ko waƙa na ɗauko Yaya ke cewa in rufa wa unguwa asiri, yau na rubuta layi ɗaya abu ya yi min magana. Na ƙara layi na sa 294, na ƙara na sa 330, da 349, da 392. Na danna, suka hau ɗaya bayan ɗaya kamar mai hawa bene. Do, re, mi, in ji Malama. Na juya su suka sauko. Na rage wa wani tsawo na ƙara wa wani, sai ga abu kamar waƙa yana ɗingishi. Rabon da in ji daɗin wani abu haka har na manta.

A gefena akwai wani dattijo, tsohon akanta da ya yi ritaya, ya ce jikokinsa ne suka raina shi shi ya sa ya shigo aji. Nasa ya ƙi yi, na leƙa na ga baka ɗaya bai rufe ba. Na gyara masa, ya ce Allah ya ba ni miji nagari. Na ce amin, Baba, yana hanya, a hankali yake tahowa.

Daga nan Malama ta nuna mana wani abu. In ka ninka lamba, sautin nan dai ne zai fito amma a sama, kamar uwa da 'yarta suna faɗin kalma ɗaya. Ta koya mana yadda ake sa kwamfuta ta maimaita aiki da kanta, ta ce kowa ya rubuta: a fara da 250, a yi ta ninkawa ana bugawa.

Na rubuta nawa tsaf. Ɗari biyu da hamsin ta fito da kauri. Ɗari biyar. Dubu. Dubu biyu ta zo min can ƙasa-ƙasa, kamar daga ɗakin maƙwabta. Sai shiru. Allon ya nuna 4000, ya nuna 8000, amma ba abin da ya fito.

Na duba waƙafi, yana nan. Na duba baka, a rufe. Na ce to lasifikar ce ta tsufa. Na zare komai, na rubuta layi ɗaya tak, buga(4000, 10000), na murɗa ƙarar har ƙarshe na danna. Na kai kunnena kusa. Ba komai. Na ɗaga hannu.

"Malama, nawa ya ƙi yi."

Sai a lokacin na lura da ajin. Yarinyar da ke gabana ta toshe kunnuwa da tafin hannu. Wani ya miƙe tsaye yana yamutsa fuska. Dattijon nan, mutumin da ya haife ni ya yi jika da ni, yana ta nuna kwamfutata yana cewa, "'Yata, kashe! Kashe mana!"

"Me zan kashe?" na ce. "Ai bai yi ba."

Malama ta iso ta danna maɓalli ɗaya. Na ga kafaɗun mutane sun sauka lokaci guda. Wani ya yi tsaki, wata ta yi dariya ta ce ashe ina da tsokana. Malama ba ta yi dariya ba. Kallona kawai take.

Da aka tashi ta ce in tsaya. Ta ba ni abin sauraro, ta sa ni in rufe ido, in na ji sauti in ɗaga yatsa. Kunnen dama, sannan na hagu. Na ɗaga, na ɗaga, na ɗaga, sai na zauna ina jira. Na daɗe ina jira. Da na buɗe ido hannunta yana kan maɓallin, tana ta dannawa.

"Ni ba likita ba ce," ta ce. "Wannan kuma ba na'urar gwaji ba ce, tsohuwar kwamfuta ce. Amma ki je a duba ki. Kar ki ce sai wani watan."

Na sauko matakalar nan ina riƙe da ƙarfe. A bas na yi ta tunanin abubuwan da na ɗauka sun daina ƙara ne da kansu. Tsuntsayen bishiyar ƙofar gidanmu da na ce sun yi ƙaura. Butar lantarkin Mama da na ce ta lalace tunda ta daina yin fito in ruwa ya tafasa. Sigina ta motar A-Hankali da nake cewa irin ta zamani ce marar ƙara.

Ranar Laraba na ce wa shugabarmu haƙori ke damuna, na tafi asibiti. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki mai bango kamar katifa, aka ba ni maɓalli. Da aka gama likitan ya juyo da takarda ya nuna min layi biyu, ja da shuɗi. Sun taho a miƙe, sai suka gangara kamar an tura su rami.

"Muryar mutum kina ji," ya ce, yana kallon fuskata yana buɗe baki sosai. "Abin da ke ɓace miki su ne siraran haruffa, irin su sa da sha da fa. Shi ya sa kike jin ana magana amma ba ki san me aka ce ba. Akwai mai irin wannan a danginku?"

Na ce akwai Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda in za a yi mata magana sai an dafa ta.

Ya gyaɗa kai. Ya ce mai yiwuwa gado ne, mai yiwuwa kuma ya ƙaru sannu a hankali, ba wanda zai iya ce min yaushe. Ya ce akwai na'urar da ake sawa a kunne, tana taimakawa sosai. Ya ce aikin wayar nan in da hali in bar shi. Sannan ya tambaye ni, "Kina yawan gajiya?"

Na yi dariya kawai.

"Dole," ya ce. "Tun safe har dare ƙwaƙwalwarki cike giɓin maganar mutane take yi. Kowa yana saurare a zaune, ke kina yi da gudu."

A nan na fashe da kuka. Ba don kunnen ba, wallahi. Don shekarun da na yi ana ce min mai girman kai ne, har na yarda. Har istigifari nake yi a kan halin da ba ni da shi.

Na tarar da Mama a falo kan keke, tana haɗa rigar da zan sa ranar zuwan iyayensa. Yadi ne ruwan zuma mai ɗan sheƙi, ta ce shi ke fito da hasken fatata. Yaya tana kan kujera ta miƙe ƙafa tana yanke farce. Na ajiye jaka na faɗa musu komai a tsaye, don na san in na zauna ba zan iya ba.

Keken ya tsaya. Na zaci Mama za ta ce sannu. Abin da ta fara cewa shi ne, "Wa da wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"To ya tsaya a nan."

"Mama, shi fa?"

"Shi ne ma na farkon wanda ba zai ji ba."

Yaya ta ajiye abin yankan farcen. "Auta, ki yi wa Allah. Saura kwana nawa? Ki bari a gama komai. In kin shiga, wata rana sai ki ce kunnenki na ciwo, ya kai ki asibiti da kansa. Sai ya zama a gidansa ya same ki."

"Ƙarya kenan zan yi masa."

"Wa ya ce ki yi ƙarya? Shiru aka ce ki yi."

Na juya wurin Mama na ce likita ya tambayi dangi. Ta daɗe tana murza bakin yadin da yatsa kafin ta ce Baba ma haka yake. Wai ban tuna yadda yake ƙure rediyo ba? Ban tuna kullum gefen hagunsa take zama in an yi baƙi, tana maimaita masa magana kamar hira take yi da shi? Har ya koma ga Allah abokansa ba su sani ba.

"Kin sani kenan," na ce. "Duk lokacin da kike cewa ina share ki."

"Ina zargi," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Ina roƙon Allah ya sa rashin kunya ce."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Sai ta ba ni labarin Gwaggo, wanda ban taɓa ji ba. Ashe an taɓa tsayar mata da magana da wani malamin makaranta, mutumin kirki, yana sonta kamar ya mutu. Ita da bakinta ta gaya masa. Shi bai ce komai ba, amma da magana ta isa gidansu sai suka aiko cewa ba za a haifa musu kurame ba. Yau Gwaggo ta tsufa a ɗakin bayan gidan ƙaninta, yara suna kwaikwayonta.

"Ni na ga wannan da idona," in ji Mama. "Ba zan sake gani a kan 'yata ba. Na'urar ma ki bar ta sai bayan nan."

"Ɗankwali zai rufe ta, Mama."

"Da ɗankwali za ki kwana a gidan miji?"

Ta taka keken ta ci gaba. Magana ta ƙare kenan a gidanmu.

Alhamis da Juma'a na je aiki kamar gawa. Yanzu da na san abin da ke faruwa, sai na riƙa kama kaina ina cika maganar mutane da zato. A-Hankali ya turo saƙon murya, na rubuta masa: *Ina cikin mutane, rubuto min.* Ya rubuto: *Ba komai, dama muryarki nake son ji. Umma ta ce in tambaye ki kalar da kike so a labulen ɗaki.* Umma ita ce mahaifiyarsa. Labule. Mutane suna can suna zaɓa min labule. Na rubuta *kowanne*, na goge, na rubuta *ruwan toka*, na sa hoton murmushi.

Na kai yatsa kan lambarsa ban san sau nawa ba. In na tuna Gwaggo sai in janye. In na tuna zan yi shekaru a gefen mutumin da ko yanzu rabin maganarsa nake ji, ina gyaɗa kai ina murmushi, sai in ji kamar an ɗora min buhun siminti. Ni fa ba jarumta ce ke damuna ba, 'yan uwa. Na gaji da yin kamar na ji. Ba ni da ƙarfin da zan ci gaba da yi har ƙarshen rayuwata.

Jiya Asabar na koma aji. Malama ta ce kowa ya haɗa 'yar gajeriyar waƙa tasa. Na zauna na jera lambobina, duk ƙanana, waɗanda nake ji har cikin ƙirji. Na koyi sa shiru a tsakani, don Malama ta ce shirun ma sai an rubuta shi, in ba haka ba sautuka su hau kan juna. Da ta zo wucewa ta saurara, ta ce ba laifi, sannan ta duƙo daidai fuskata.

"Kin je?"

"Na je."

Ta dafa kafaɗata ta wuce. Ba ta ƙara tambaya ba, na kuma gode mata.

A-Hankali ya ce zai zo ya ɗauke ni. Na saba yana jira a mota, amma jiya sai ga shi ya hawo, cikin farar riga mai dogon hannu da guga kamar za ta yanke mutum, yana share gilashinsa da ɗan ƙyalle. Ajin ya watse, Malama tana can tana naɗe wayoyi.

"Yau dai sai na ga abin da ke ƙwace min ke duk Asabar," ya ce. Wannan na ji, don kusa yake kuma yana kallona.

Na jawo masa kujerar dattijon. Na kunna masa waƙata, ya yi dariya har da tafi, ya ce ashe makaɗiya zai aura bai sani ba. Ya ce in ƙara masa wani. Hannuna yana kan linzamin kwamfutar, na ga sunan aikin makon jiya a gefe. Ban shirya ba. Ban yi shawara da kowa ba. Na buɗe shi kawai.

"Wannan hawa yake yi," na ce. "In ya dame ka ka faɗa."

Ɗari biyu da hamsin. Ɗari biyar. Yana gyaɗa kai. Dubu. Dubu biyu, ya ɗan runtse ido. Allon ya nuna dubu huɗu, sai ya kai hannu kunne ya kauda kai.

"Kai! Rage, rage. Wannan ai sai ya fasa wa mutum kai."

"Yana yi?"

"Kamar ya yana yi?"

"Ni ban ji komai ba," na ce. "Tun daga nan zuwa sama, ba na ji. Ranar Laraba na je asibiti."

Ya sauke hannun a hankali. Na ga Malama ta ɗauki jakarta ta fita baranda.

A mota na gaya masa sauran. Ya kashe rediyo, ya ɗaga gilasan, ya faka a gefen titi ya juyo gaba ɗaya yana fuskantata. Tambayoyi ya riƙa yi irin na mai shago da ya saba da masu lalura. Duka biyun ne? Tun yaushe? Zai ƙaru? Na amsa abin da na sani. Sannan ya ce, "Gado ne?"

"Mai yiwuwa. Baba, da Gwaggo."

"Yara fa?"

"Likita ya ce ba wanda ya sani."

Ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Kai da kullum kake sa wa mutane tabarau," na ce, ina ƙoƙarin dariya. "Nawa na kunne ne kawai."

Ya yi ɗan murmushi da bai kai ido ba. "Duk wannan lokacin, saƙonnina..."

"Rabi nake ji. Wani lokaci ko rabin babu."

"Ni kuma ina can ina cewa ba kya sona."

Ya tada mota. Muka iso ƙofar gida. Rana ta yi sanyi, yara suna ƙwallo a layi. Na buɗe ƙofa na sa ƙafa ɗaya waje, sai na ga haɓarsa tana motsi. Kansa a sunkuye, idonsa a kan sitiyari, muryar nan tasa ta koma cikin aljihu. Ƙarshen kawai na kama.

"...gaya wa Umma."

Kun san me na yi? Na gyaɗa kai. Na yi murmushi na ce to, sai an jima. Jikina ne ya yi da kansa, yadda ya saba. Sai da motar ta sha kwana na tsaya riƙe da ƙofar gida ina tambayar kaina: *zan* gaya wa Umma ya ce, ko *kar ki* gaya wa Umma?

Na wuce Mama a falo na shige ɗaki. Na zauna da mayafina a kai, na ɗauko waya. A da, da haka zan kwana ina zato. Na rubuta:

*Ban ji abin da ka ce a ƙofa ba. Na gyaɗa kai ne kawai. Zan ka ce, ko kar?*

Ya karanta nan take. Amsar ba ta zo ba sai bayan na yi salla na dawo.

*Zan na ce. Ba na ɓoye mata abu. Na riga na gaya mata.*

*Me ta ce?*

*Ba ta ce komai ba. Ta dai ce a goge mata mayafi, gobe da hantsi za ta zo ta ga Mama da kanta.*

*Kai fa? Kai me ka ce?*

*Ni zan kawo ta.*

Na karanta layin nan har ya daina kama da Hausa. Ban san ko albishir ba ne ko sallama. Ina nan riƙe da wayar sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Mama ce, rigar ruwan zumar a kafaɗarta, tef ɗin awo a wuya, allurai jere a leɓenta. Ta buɗe baki za ta ce tun ɗazu take kira, na ga ta haɗiye maganar. Ta yi min alama da hannu in tashi.

Na kife wayar a kan gado na miƙe. Na ɗaga hannuwa ta zura min rigar, ta juya ni, ta kama kunkumin tana tsukewa. Rigar ta zauna min kamar a jikina aka yanka ta. Ta ja baya tana kallona, idonta ya kawo ruwa, tana murmushi da alluran a baki.

"Mama," na ce, "cire alluran nan daga bakinki tukuna. Zauna. Magana zan gaya miki."